Inabin Bakin Rijiyar Inno

Sashen Lambu, Jami'ar Noma,
6 ga Satumba.

Zuwa ga Kawu Wada, Unguwar Lalle.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da mahaifiyarka Inno, da iyali duka. Yaya damina, yaya kuma haƙuri da halin da ake ciki? Kullum muna jin labarin yankinku, muna yi muku addu'a.

Na san za ka juya takardar nan kana tunanin wace ce. Ni ce Ikilima, 'yar Hadiyya ta Isa. Kakana Malam Abbas da mahaifinka Malam Fatihu 'ya'yan wa da ƙani ne. Rabonka da ni tun ina shekara bakwai, ranar da kuka zo Isa ta'aziyyar kakana. Mama tana nan tare da ni, lafiyarta lau sai ciwon ƙafa, tana gaishe ku. Na nemi lambarka aka ce an katse layin waya a wajenku, shi ya sa na ba Marwan direba, mai lodin albasa daga Sabon Birni.

Ga abin da ya sa na rubuto. Shekarata huɗu ina bincike a kan noman inabi a wannan jami'a. Tsohuwa ce, ko da yake ba da sunan jami'a ta fara ba. Da farko gonar gwaji ce ta gyaɗa da auduga, da rumbu biyu da ofis mai ɗaki ɗaya. Daga baya aka mai da ita makarantar horar da malaman gona, sannan kwaleji, sannan jami'a. Bayan babban farin nan da ya kashe dabbobi, shugabannin lokacin suka ce a nemo wa masu lambu abin da za su riƙa samu da rani ban da albasa da tumatir. Aka kawo irin inabi kala tara daga ƙasashen waje aka dasa a nan, aka kuma raba wa masu lambu goma sha biyu a garuruwa daban-daban, don a ga inda zai yi.

Na nan jami'a ya yi 'yan shekaru yana haihuwa, sannan ya fara mutuwa layi-layi. Gara da tsutsar saiwa ne suka cinye shi. Duk irin da aka kawo daga baya, shekara uku yake yi ya bi sahu. Yanzu hukumar jami'a ta ce in ba mu nuna abin kirki ba kafin ƙarshen rani, za a rufe aikin inabi, a nome filin a shuka masara.

A makon jiya aka sa ni kwashe tsofaffin takardu, saboda ana shirin rubuta tarihin jami'ar. A wani littafi da gara ta ci gefensa na ga sunayen mutum goma sha biyun nan. Na tara shi ne: Malam Fatihu, Unguwar Lalle, sanda biyar, 1976. Kawu, sai da na zauna a ƙasa. Mama ta ce ita dai ta tuna wata rumfa mai ganye a bakin rijiyar lambunku, amma rabonta da can ya fi shekara talatin.

Na bi sawun sauran goma sha ɗayan, babu wanda ya rage. Wani wurin ma gidaje aka yi. Don Allah ka gaya mini gaskiya ko ba mai daɗi ba ce: naku yana nan, ko ya mutu?

'Yarka,
Ikilima.


Unguwar Lalle,
22 ga Satumba.

Zuwa ga ɗiyata Ikilima.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iske mu lahiya, mun gode Allah. Inno tana nan da ƙarhinta, ido ne dai ya rage, kunne kuwa ras. Ki gaida Hadiyya, ki ce mun ji shirunta amma ba mu riƙe ta ba. Gero ya yi kyau bana inda anka samu nomawa. Gonakin nesa kam mun bar su, kin san dalili. Ki yi haƙuri da rubutuna, bokona na yaƙi da jahilci ne.

Iccen da kike tambaya shina nan. Biyar anka ba Baba, huɗu sunka mutu tun shekarar hwarko, guda yat tsaya. Gindinai ya kai cinyar babban mutum. Ya ruhe rumhwar bakin rijiya duka, har ya miƙa hannu ya kama lemun maƙwabci.

Da nik karanta ma Inno takardarki, sai tay yi dariya tac ce: "Littahi ya ce Malam? To, Malam ya dasa, gaskiya ne. Ya dasa ranar Laraba, ya tahi hwatauci Maraɗi ranar Juma'a, bai dawo ba sai bayan wata huɗu. A tambayi littahin wa yaj ja guga." Gaskiyarta ce. Shekara arba'in da biyar ita ke ba shi ruwa. Tun rasuwar Baba kuwa, kullum hantsi nan take shimhiɗa tabarmarta, ta yi tasbihi, mata su zo su iske ta.

Amma kada ki sa rai da yawa. Ganye gare shi, ba ɗiya ba. A shekara sai ya yi nono biyu ko uku, ƙanana, tsuntsaye su riga mu. Mu inuwa muke sha.

Tambaya guda gare ni. Shekara arba'in da biyar ba mu ga ƙeyar kowa daga jami'a ba. Mi suke so da shi yanzu? In kayansu sunka tuna za su zo su tumɓuke, ki hwaɗa min tun da wuri, in san yadda za ni gaya ma tsohuwa.

Kawunki,
Wada.


Jami'ar Noma,
3 ga Oktoba.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Inno da kyau. Mama ta yi ta share hawaye da na karanta mata gaisuwarka. Mu duka lafiya.

Alhamdu lillahi! Sau huɗu na karanta takardarka. Na ruga da ita ofishin shugaban sashenmu, Farfesa Nasiruddeen, ban ko yi sallama ba. Ya cire tabarau ya ce, "Shekara arba'in da biyar a ƙasar Gobir, ba magani ba taki? Ikilima, ko dai wani itace ne daban?" Na ce masa Kawuna manomi ne, ya san inabi in ya gani.

Ka kwantar da hankalinka, babu mai tumɓuke shi. Naku ne. Abin da nake roƙo 'yan sanduna ne daga rassansa, in dasa a nan in gani ko saiwarsa ce ta fi ƙarfin gara da tsutsa. In haka ne, za mu iya yi wa sauran iri aure da gindinsa, kamar yadda ake yi wa mangwaro.

Rashin haihuwarsa kuwa ba tsufa ba ne. Ba a taɓa yi masa aski ba ne, shi ya sa ƙarfinsa duk ya tafi ga ganye. Yanzu da ruwa ya ɗauke shi ne lokacin. Ka hana shi ruwa kwana goma. Sannan ka sami wuƙa mai kaifi ka yanke rassan duka, ka bar masa ido uku kawai, irin idon da ke jikin rake. Kada ka ji tausayinsa, inabi sai an aske shi sosai yake haihuwa. Daga abin da ka yanke ka zaɓo mini sanda ashirin masu kaurin fensir, tsawon kamu ɗaya, ka ba Marwan.

Ina sauri, Marwan na ƙofar jami'a yana ta danna mini hon. Ka ce wa Inno in Allah ya yarda bana za ta sha inabin da ta yi wa wahala.

'Yarka,
Ikilima.


Unguwar Lalle,
20 ga Oktoba.

Ikilima,

Salam. Muna lahiya a jiki. Inno ma ba ta kwanta ba, amma ba za ni ce miki tana lahiya ba.

Na yi abin da kinka ce. Na hana shi ruwa kwana goma. Maganar ido ukun nan ta dame ni, har nik kai takardar ma mutum uku masu karatu, duka sunka ce haka anka rubuta: a yanke duka, a bar ido uku. Nid duba gindin sama da ƙasa, ban samu ido uku ba sai can daidai gwiwa. Wuƙa ba ta iya ba, sai da nis sa zarto. Na zaɓi ranar da Inno tat tahi Tsamaye barkar haihuwa, don na san ba ta bari.

Da tad dawo, ba ta shiga gida ba, lambu tan nuhwa kamar yadda ta saba. Kin san ba ta gani sosai. Ta kai inda inuwa take soma tarbonta, sai taj ji rana bisa kanta. Tat tsaya. Tac ce, "Wada, na ɓata hanya ne?" Nic ce a'a. Tam miƙa hannu tana laluben gindin, har tat taɓa inda anka yanka. Ruwa shina ta tsatsowa daga wurin, ya jiƙa mata tahin hannu. Ta daɗe a duƙe. Abin da tac ce kawai shi ne, "Ashe haka karatu shike." Kwana uku ba ta yi min magana ba.

Rassan sun yi tsibi, nic ce a zuba ma awaki ganyen, a ƙone sauran. Nan ne tab buɗe baki. Tac ce ko sanda guda ba a ƙonewa. Ita da kanta taz zauna da wuƙarta tana yanka su kamu-kamu, tas sa anka ɗebo yashin gulbi mai damshi, tana jera su cikin buhu tana ruhewa. Tac ce tunda baƙunta za shi, ba a kai shi da ƙishirwa. Kin ce ashirin. Ga buhu uku nan, ki yi yadda kinka ga dama da su.

Kin ce kada in ji tausayinai, ban ji ba. Yau kwana shida, kututture ne kawai a tsaye, da sandunan rumhwa tsirara. Ki hwaɗa min ranar da zai tohu, don ni ban da abin da za ni ƙara gaya ma tsohuwa.

Wada.


Jami'ar Noma,
14 ga Nuwamba.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ku lafiya, kai da Inno. Sai jiya takardarka da buhunan suka iso. An rufe hanya, Marwan ya yi kwana ashirin da uku a Isa bai motsa ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, ba haka nake nufi ba. Ido uku a kan kowane reshe nake nufi, gindin da manyan hannuwansa su tsaya yadda suke a kan rumfa. Na ɗauko kwafin abin da na rubuta na sake karantawa, na ga babu kalmar "kowane" a ciki. Laifina ne ni kaɗai. Kai abin da na rubuta ka yi. Na yi sauri a kan abin da wata ta yi shekara arba'in da biyar tana reno. Ban iya cin abinci ba tun jiya. Don Allah ka durƙusa gaban Inno a madadina, ka ce ina neman gafara.

Ba za ni yi maka alkawarin da ban tabbatar ba. Tsohon itace irin wannan yana iya tohowa daga kututture, yana kuma iya tafiya. Ka shafe wurin yankan da laka, ka kafa masa zana ta gefen yamma, ka ba shi ruwa guga biyu duk bayan kwana uku, kada ya wuce haka.

Buhunan kuwa, na kwance su ina ɗauka busassun kara za ni tarar. Yashin yana nan da sanyinsa. Na zaro sanda ɗaya, na ga gindinta ya yi fari ya kumbura, alamar saiwa na shirin fitowa. Na zaro ta biyu, haka. Farfesa ya tsuguna da babbar rigarsa yana tonawa da hannu, yana tambaya wane ƙwararre ne ya shirya su. Na ce wata tsohuwa ce da ba ta gani sosai. Sanda ɗari uku da arba'in muka ƙirga, kuma yau duk mun sa su a leda a wurin renon dashe.

Ka rubuto mini ko layi biyu ne.

'Yarka mai laifi,
Ikilima.


Jami'ar Noma,
9 ga Janairu.

Kawu,

Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ban ji daga gare ka ba. Marwan ya ce ya bar takardata a wurin mai shayin tasha, bai gan ka ba. Mun ji abubuwa marasa daɗi game da ƙauyukan gefenku, Mama ba ta da sukuni. In fushi kake yi da ni, na cancanta, amma ka aiko ko da baki a ce kuna raye.

Sanda ɗari biyu da sittin da ɗaya sun yi saiwa sun fitar da ganye. Farfesa ya kawo mutanen hukuma sun gani da idonsu, sun ɗaga maganar nome filin zuwa shekara guda. Ya kamata in yi murna, amma kullum na shiga cikinsu kututturen nan nake gani.

Ikilima.


Unguwar Lalle,
4 ga Fabrairu.

Zuwa ga ɗiyata Ikilima.

Wa alaikumus salam. Muna raye, mu duka, Inno da iyali da maƙwabta na kusa. Ki gaya ma Hadiyya ta kwantar da hankalinta. Takardunki biyu rana guda nik karɓe su, shekaranjiya.

Ba hushi ba ne. 'Yan bindiga sunka shiga ƙauyen da ke gabas da mu tsakiyar Nuwamba, munka kwashe mata da tsohwahhi munka koma cikin Sabon Birni, gidan surukina. Munka ce kwana uku za mu yi, sai ga mu da sati goma. Laka da zana da guga biyun da kinka ce, ko guda ba a yi ba, don ban ma san kin ce ba. Babu wanda yaz zuba mai ko ɗigo. Ni na riga na yi mai ta'aziyya a raina. Inno ba ta ambace shi ba ko sau guda, ni ma ban tada maganar ba.

Ranar da munka dawo na ɗauko ta bisa mashin. Mun kawo mararrabar gida da lambu, tad dahwa kahwaɗata tac ce, "Can." Nic ce Inno ki bari ki huta tukuna. Tac ce, "Can nic ce."

Ikilima, tun daga bakin shinge nih hango kore. Na ɗauka ciyawa ce tah hau sandunan rumhwa. Da nim matsa, sai ga rassa bakwai sun hito daga kututturen, kowane ya kai kaurin yatsa, babban ya wuce kaina ya riga ya naɗe sandar rumhwa da kainai. Ganyen kuwa ya hi tahin hannuna hwaɗi. Tun da nike ban taɓa ganin ganyenai haka ba.

Nik kama hannun Inno nid ɗora bisa reshe guda. Tab bi shi da yatsu tun daga gindi har inda hannunta yak kai, tak koma ga na biyu, har tag gama bakwai ɗin. Sannan taj juyo tac ce, "To kana tsaye? Ɗauko guga mana."

Maganar laihi, ki rage ma kanki. Kin bar kalma guda, gaskiya ne. Amma ni manomi ne tun kahin a haihe ki, raina ya gaya min ba a yi ma icce haka, nib bar raina nib bi takarda. Na durƙusa ma Inno kamar yadda kinka ce. Tac ce ta yahe, amma nan gaba in kina da magana kan iccenta, ita za ki gaya ma.

An maido da layin waya. Za ni ba Marwan lambata. Sai dai Inno ta ce kada ki bar rubutu, don takarda ana iya sake karanta mata.

Kawunki,
Wada.


Jami'ar Noma,
27 ga Satumba.

Zuwa ga Inno, ta hannun Kawu Wada.

Assalamu alaikum, Inno. Barka da ganin ƙarshen wata daminar. Kawu ya gaya mini a waya kin yi zazzaɓi a Agusta, Allah ya ƙara sauƙi. Mama tana gaishe ki. Kin ce maganar itacenki ke za a gaya wa, to ga ni.

Dashen nan mun kai su filin da ya kashe duk inabin da aka taɓa sa masa. Muka jera naki layi guda, na waje layi guda, haka har ƙarshen fili. Da damina ta ƙare muka ƙirga. Na waje kashi ɗaya cikin uku ya tafi, sauran duk sun yi rawaya. Naki huɗu kawai muka rasa. Muka tono saiwa muka duba, tsutsa ta taɓa ta amma ta kasa shiga. Waɗanda muka yi wa aure da gindin naki su ma suna tsaye. Da sanda ashirin ɗin da na nema ne kawai, da ba wanda zai yarda da sakamakon. Buhu ukun nan ne suka rufe bakin kowa.

A makon jiya hukuma ta zauna. Ba za a rufe aikin inabi ba, har an ƙara mana fili. Farfesa ya fito daga taron yana tafe kamar saurayi. A littafin tarihin jami'a kuma an ware wa wannan itace babi guda, na kuma gyara abin da tsohon littafi ya rage: Malam Fatihu ya dasa, Inno ta raya. Za a yi wa irin rajista, ana son suna. Ni na ce 'Yar Inno. Sai in kin yarda.

Lokacin aski ya zagayo. Wannan karon na zana hoto a bayan takarda, na sa jan biro a duk inda za a yanka, na kuma aiko da almakashin lambu. Kawu, ido uku a kan kowane reshe. Kowane. Kada ka fara sai ka kira ni ina ji.

Marwan zai sauke muku dashe sittin, jikokin na bakin rijiya. Ku ba wanda kuka ga zai kula.

Jikarki,
Ikilima.


Unguwar Lalle,
11 ga Maris.

Zuwa ga ɗiyata Ikilima.

Assalamu alaikum. Muna lahiya ƙalau, Inno ta hi kowa. Gari da sauƙi kwanan nan, Allah ya ɗorar. Ki gaida Hadiyya da Farfesanku.

Na hana ki labari a waya da gangan, don wanga a takarda ya kamata ya zauna. Mun tsinke inabi ranar Juma'a. Nono tis'in da huɗu, Ikilima. Na ƙirga sau biyu. Tun da sunka hwara nuna nil lulluɓe rumhwar da tsohon gidan sauro, tsuntsaye sunka yi ta zagaye suna zaginmu. Ja ne mai duhu, ƙwayar ta kai kan babban yatsa. Wani nonon sai da hannu biyu.

Na hwarko Inno nik kai ma. Tas sa guda a baki, tana taunawa, mu duka muna kallonta. Tac ce, "Ashe abin da shike ɓoye min ke nan." Tac ci bakwai, tac ce a kai sauran masallaci. Bayan an sauko Juma'a munka aje tire uku a ƙohwa. Akwai tsohon da yac ce shi a wa'azi kawai shike jin sunan inabi, bai san zai sa shi a baki nan duniya ba. Kahin la'asar labari ya kai Tsamaye, ranar Lahadi har daga Tozai anka zo kallo. Naki kwando guda shina hannun Marwan, da ganye munka shimhiɗa.

Maganar suna, Inno ta ce ta yarda, amma a gaya ma jami'a namiji ne, Ɗan Inno za a rubuta.

Dashe sittin ɗin nan na raba hamsin da shida tun kaka, na rage huɗu ina reno ma kaina. Shekaranjiya sai ga Jibrilla. Ba ki san shi ba, Bahillacen da ke zaune yamma da lambunmu ne, noma da kiwo shike yi, kakanninai nan anka ruhe su. Bara anka kore mai shanu, sai 'yan ƙalilan sunka rage. Tun kaka yac ce shi ya gama da ƙasar ga, bayan salla za shi ƙetara Nijar da iyalinai. Har jinkar ɗakinai guda ya riga ya sauke.

Nib ba shi nono guda. Yaz zauna bakin rijiya yac ci rabi, yan naɗe rabi a hula ma matatai. Yana ta kallon dashen nan huɗu. Can yac ce, "Wada, waɗanga na da mai su?"

Nic ce, "Jibrilla, wanga abu ba ya haihuwa sai ya shekara biyu a wuri guda, wata sa'a uku. Kuma in an dasa shi ba a ɗaukarshi bisa jaki."

Yac ce, "Na ji kana gaya ma mutanen Tozai."

Nic ce, "To?"

Yac ce, "Ba ni huɗun."

Nib ba shi. Jiya da sahe na bi ta wajensu za ni kasuwa. Na iske shi bayan gida ya gina rami huɗu a jere, shina auna tsakaninsu da taki kamar yadda nik koya mai. 'Yan uwanai kuwa sun taru suna ɗaga jinkar nan, za su maida ita bisa ɗaki. Na aje mashin nis sa musu hannu.

Kawunki,
Wada.